Sata ce ko bashi? Abin da ya faru a Paris a 1847

A aji muna nazarin kalmomi, shi ya sa na tsaya kan "satar fasaha". Da ka ce sata, hankali ya tafi wajen ɗan sanda da gidan kaso. Amma tarihin dokar Faransa, wadda mu ma daga cikinta muka gaji da yawa, ya nuna hanya biyu ce.

Bayan juyin juya hali, Faransa ta yi dokar 1791 kan nuna wasan kwaikwayo, da ta 1793 kan buga littafi, kiɗa da zane. Sai kundin laifuffuka na Napoleon a 1810 ya ce buga aikin wani ba izini laifi ne, hukuncinsa tara da ƙwace kayan. Ga hanyar hukunta mai laifi ke nan: hukuma ke tuhuma, tarar kuma baitulmali take shiga.

Hanya ta biyu ita ce neman diyya: mai aikin da kansa ke kai ƙara, kuɗin kuma aljihunsa suke zuwa. Ita wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya bi a 1847. Ya tarar ana rera waƙoƙinsa a wani gidan shaye-shaye da kiɗa a Paris, mai gidan na cika aljihu, shi ko sisi bai gani ba. Ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, daga baya aka yanke a biya shi diyya. Daga wannan shari'a aka kafa SACEM a 1851, ƙungiyar da ke karɓo wa mawaƙa kuɗinsu. Irin wannan aiki BNDA ke yi a nan Nijar.

To ƴan uwa, ku dubi yaron da ke tura waƙoƙi cikin waya a bakin kasuwa. In an kulle shi wata uku, me mawaƙi ya samu? Ko dala. Ni a ganina, kaso na mai babban jari ne, wanda ya mai da gumin wasu masana'anta da gangan. Sauran kuwa bashi ne ke kansu, kuma bashi biya ake yi. Kafin mu yi ihun ɓarawo, mu fara tambaya: nawa mai waƙar ke bi, kuma ta wace hanya kuɗin za su kai hannunsa?