Hoton kusa-kusa: rawar da girman sensa da tsayin gilashi ke takawa

Annobar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, musamman a ƙananan hukumomin Kachia, Kagarko, Jaba da Jama'a, ta nuna darajar gane cuta da wuri. Idan manomi a Kafanchan ya tura wa malamin gona hoton tabon ganye ko ruɓaɓɓiyar saiwa, amfanin hoton ya dogara ne ga yadda ya fito da ɗan ƙanƙanin abu sarai. Irin wannan hoto shi ake kira makro.

Ana auna shi da gwada ainihin girman abu da girman surarsa a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Idan tabo mai milimita 10 ya mamaye milimita 10 a kan sensa, an samu 1:1, matakin da ake ɗauka a matsayin makro na haƙiƙa.

A nan ne mutane da dama ke ruɗewa. Babbar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, yayin da ta APS-C ke da faɗin kusan 23.5. A ma'aunin 1:1, ta farko za ta ɗauko milimita 36 na ganyen, ta biyu 23.5 kacal. Tabon zai fi cika allo a ta biyun, amma ba ƙara masa girma aka yi ba. Gefe-gefen ne aka datse.

Tsayin gilashi kuwa, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa, tazara yake sauyawa. Gilashin makro mai 60 da mai 100 duk suna kaiwa 1:1, sai dai na farko yana buƙatar kimanin santimita 20 tsakanin abu da sensa, na biyu kimanin 30. Wannan ƴar rata ce ke hana inuwar kyamara rufe ganye, ta kuma hana ƙwaro tashi. Inda gajeren gilashi ya yi fice shi ne wajen amfani da zoben ƙarin tazara: zobe mai milimita 25 yana ƙara ninki 0.5 ga gilashi mai 50, amma 0.25 kawai ga mai 100.

Kusanci yana da tsada. A 1:1, rubu'in haske ne ke isa sensa, kuma idan ƙofar haske tana f/8, kaurin abin da ke fitowa tar bai wuce kimanin milimita ɗaya ba a babbar kyamara. Ɗan kaɗawar iska ya isa ya ɓata hoton.

Wayar hannu, da ƙaramar sensarta, tana fito da ƙaramin abu gaba da baya fiye da babbar kyamara, ko da yake takan gaza idan haske ya yi ƙaranci. Tun da allo ba ya faɗin ainihin girman tabo, ana so a ajiye rula ko tsinken ashana kusa da shi kafin a ɗauka.