Me za mu kira mai saukowa daga taurari?

Ɗalibin garin Farakku ko na Jugu da ya tashi da karatun Faransanci yana da suna a shirye: extraterrestre, wato wanda ba na doron ƙasa ba. Da ya koma gida zai ba ƙannensa labarin irin wannan halitta da Hausa, sai harshe ya sarƙe. Wani ya ce aljani, wani ya ce dodo.

Dukansu biyu ban yarda da su ba. Aljani zancen imani ne, yana da surarsa a Alƙur'ani, bai kamata a ara wa ƙagaggen labari shi ba. Dodo kuwa ya yanke hukunci tun ba a gaisa ba, alhali Micromégas na Voltaire, na 1752, ƙato ne da ya taso daga wajen tauraron Sirius don yin tambaya kawai. Umaru Dembo ya kauce wa rigimar a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya, 1969: ya raɗa wa nasa suna, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya.

Ni na fi son baƙo, kuma garuruwan nan biyu sun san nauyin kalmar. A da Jugu zango ce a kan hanyar fataken Kano masu zuwa Gwanja neman goro, Farakku kuma har yau tana da unguwar Zongo. A can, a zamanin fatake, baƙo yana da mai masauki: a ba shi ruwa, a sauke wa jakinsa kaya, a nemo tafinta idan ba ya jin Dandanci, yaren garin, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Rabin labaran masu saukowa daga taurari ai abin da suke nema ke nan, yadda za a fahimci juna. A labarin First Contact na Murray Leinster, 1945, jirage biyu ne suka haɗu a sararin samaniya, kowa na tsoron a bi sawunsa zuwa gida.

Baƙunci kuma juyawa yake yi. A labarin Stanley Weinbaum na 1934, A Martian Odyssey, mutum ne, Jarvis, ya ɓata a duniyar Mars. Tweel, mai kama da jimina, shi ne ɗan gari. Sunan Tweel ɗin ma ba haka yake ba. Abin da bakin Jarvis ya iya furtawa ne daga kukan da ya ji.