Yadda tufafi suka sami fassara a mafarki

Wanda ya taɓa buɗe ɗan littafin fassarar mafarki, irin wanda ake kasawa a bakin masallacin Juma'a, ya san babin tufafi: kore addini, rawaya ciwo, rawani mulki. Mutane na karanta su kamar tare aka saukar da su. Alhali an ɗauki ƙarnoni ana harhaɗa su, kuma yawancinsu daga abin da jama'a ke sawa a farke aka samo su.

Tushe mafi ƙarfi shi ne hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri. An nuna wa Annabi (SAW) mutane a barci sanye da riguna, ta wani iyakarta ƙirji, ta wani ta zarce nan, Sayyidina Umar kuwa har jan tasa yake yi a ƙasa. Sahabbai suka nemi fassara, ya ce addini ne. Abin lura a nan, jan riga a ƙasa abin zargi ne ga namiji a farke, amma ga shi a barci ya zama yabo. Malamai suka haɗa wannan da Alƙur'ani, inda aka kira taƙawa tufa, aka ce miji da mata suturar juna ne, aka ce koren tufafi 'yan Aljanna ke sawa. Shi ya sa har gobe idan namiji ya yi mafarkin wando, sai mai fassara ya karkata ga zancen mace da aure.

Sunan da ya mamaye fagen shi ne Muhammad Ibn Sirin, mutumin Basra da ya rasu a 728, wanda kuma sana'arsa sayar da yadi ce. Sai dai masu bincike sun nuna cewa babban littafin da ake bugawa da sunansa an harhaɗa shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa. Cikin na farko-farko da suka iso gare mu akwai na Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889.

A Bagadaza ne wani ruwa daban ya shigo. A ƙarni na 9 aka mayar da littafin Artemidorus zuwa Larabci, aikin da ake jingina wa Hunain Ibn Ishaƙ. Shi Artemidorus Bagirke ne na ƙarni na 2, kuma hankalinsa kan mai mafarkin yake. A wurinsa farar riga ga majinyaci mutuwa ce, don cikin fari ake fita da gawa. Baƙa kuwa waraka ce, tun da masu makoki ke sa ta, su kuwa rayayyu ne. Dinawari, wanda ya rubuta wa Halifa Al-Ƙadir littafin fassara a 1006, ya ɗebo daga wannan Bagirken ya jera kusa da maganganun malaman Musulunci. Hatta siyasa ta bar sawunta: baƙi ne tufafin fadar Abbasiyawa, don haka ba abin mamaki ba ne littattafan su ce baƙar riga ɗaukaka ce ga wanda ya saba sa ta, baƙin ciki ga wanda bai saba ba.

Abdulgani An-Nabulsi na Dimashƙa (1641 zuwa 1731) ya jera alamomin bisa haruffa a littafinsa Ta'aɗirul Anam. Ya sauƙaƙa nema ƙwarai, amma a ganina daga irin wannan tsari ɓarakar ta faro. Mai fassara na da sai ya tambaye ka sana'arka, da aure ko babu, lafiya kake ko jinya. Da ɗab'i ya zo aka yi ta taƙaita littattafan, sharuɗɗan suka zube, aka bar launi da ma'ana guda.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan harshe na tufafi ba ce. A Wirdinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da labarin abin da aka nuna masa wajen 1794, yana ɗan shekara 40 da 'yan watanni: Shehu Abdulƙadir Jilani ya zo da koriyar riga da rawani a gaban Annabi (SAW), aka sa wa Ɗanfodiyo rigar, aka naɗa shi, aka rataya masa takobin gaskiya. A ƙasar da sarauta ba ta tabbata sai an yi naɗi, almajiransa ba su buƙaci littafi ba kafin su gane me ake nufi. Shekara 10 bayan haka, a 1804, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jama'a suka yi masa mubaya'a.