Burs ɗin karatu a waje: wa ke biya, kuma me yake nema?

Kwanan baya wata tsohuwar ɗalibata ta zo gida gaishe ni, riƙe da waya. Yanzu ma'aikaciyar gona ce a wani puroje na karkara. Ta ce, "Mushe, dubi wannan. Sun ce su za su biya komai: kuɗin makaranta, jirgi, abinci, har magani. Gaskiya ce ko ƴan damfara ne?" Na karanta, na ce mata gaskiya ce, shirin ya ma girme ta. Sai ta ce, "To, mene ne ribarsu?" Ranar ban ba ta amsar kirki ba, shi ya sa na zauna na bi tarihin abin.

A zamanin Turawa babu maganar neman burs, zaɓen ka ake yi. Yaron da ya yi fice a lakwal a Damagaram ko Yamai sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mai da ta Sebikotan a 1938. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi. Gwamnatin mulkin mallaka ke ciyar da su, ta tufatar da su, kuma ta san abin da take so: malaman makaranta, akawu, da mataimakan likita. Ba a yi Ponty don a fitar da injiniya ko babban likita ba. An ja layi, an ce iyakar baƙar fata ke nan.

Bayan yaƙin duniya na biyu layin ya fara gogewa. Daga 1946 aka fara ba ƴan Afirka kuɗin karatu su tafi Faransa kanta. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Abdu Mumuni Jofo, haifaffen Tasawa a 1929. Ya bi ta Ponty, ya wuce Paris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta zama malamin kimiyyar fizik wadda Faransawa kansu ke jin tsoronta. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, FEANF, wadda ta zame wa masu mulkin mallaka ƙarfen ƙafa. Wato kuɗin Faransa ya ɗauki nauyin yaran da suka koma suna neman Faransa ta tattara ta tafi. Daga baya ya tafi Mosko ya nazarci makamashin hasken rana, ya yi aiki a Mali, sannan ya dawo gida a 1969 ya shugabanci ofishin ONERSOL. Littafinsa kan ilimi a Afirka ya fito a 1964, kuma a ganina ya kamata a tilasta wa duk mai shiga makarantar horon malamai ya karanta shi. Mu dai a lokacinmu sunansa kawai muka ji. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a shekarar da ta biyo.

Lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal a Nijar ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma babu jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Kafin nan duk mai bak sai Dakar, Abijan ko Faransa. Ƙasa na bukatar likita da alƙali da injiniya yau-yau, don haka duk wanda ya miƙo hannu sai a karɓa.

Masu miƙo hannu kuwa sun yi yawa, saboda lokacin yaƙin cacar baki ne. A 1960 Tarayyar Sobiyet ta buɗe jami'ar zumuntar al'ummomi a Mosko, a 1961 ta sa mata sunan Patiris Lumumba. A gabashin Afirka, Tom Mboya na Kenya ya shirya jigilar ɗalibai zuwa Amurka, jirgin farko ya tashi da 81 a 1959. Da kuɗi suka yanke a 1960, gidauniyar iyalan Kennedy ta ba da dala dubu 100, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen Amurka. Cikin waɗanda suka tafi a wannan shekara akwai Wangari Maathai, wadda ta ci kyautar Nobel a 2004 saboda dashen itatuwa. Ingila da ƙasashen Kwamanwel suka kafa nasu shirin a 1959, Amurka ta ƙaro AFGRAD a 1963 don karatun gaba da digiri. Kowa na son idan yaran nan sun koma gida sun zama ministoci, su tuna da gidan da suka ci tuwo.

A nan Nijar abin ya ɗauki wata kama mai ɗaci. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, shugabanninta da ke gudun hijira sun samar wa matasa guraben karatu a ƙasashen gabas. Wanda ya tafi ta wannan hanya, ko aikin jinya ya koyo, dawowarsa ba ta da sauƙi, domin gwamnati na kallon takardarsa a matsayin katin jam'iyya. Ko bayan wannan zamani, takardar Mosko ba ta yi daraja ɗaya da ta Paris ba a idon masu ɗaukar aiki.

Irin burs ɗin da ɗalibata ta nuna mini daban yake da waɗancan, kuma daga baya ya ɓullo. Masu ba da kuɗi sun lura cewa idan ka ɗauki yaro ɗan shekara 19 ka ajiye shi shekara bakwai a Turai, da wuya ya dawo. Ya yi aure can, ya saba can, a gida kuma babu kujerar da ke jiran sa. Sai aka juya dabara: a ɗauki wanda ya riga ya fara aiki, mai iyali, mai ofis, a ba shi shekara ɗaya ko biyu, a sa masa sharaɗin komawa. A 1978 shugaba Carter ya kafa shirin Humphrey, wata goma a Amurka ba tare da digiri ba, don ma'aikata masu gogewa. A 1983 Ingila ta kafa wanda aka sani yanzu da Chevening, shekara guda ta mastar, da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Jamus na da nata ta hannun DAAD, ita ma tana neman gogewar aiki ta shekara biyu. A 1987 kuma Japan ta zuba kuɗi, Bankin Duniya ya riƙe ragama, aka kafa shirin haɗin gwiwa na karatun mastar ga masu aikin raya ƙasa. Shi ne ke cikin wayar ɗalibata. Sharuɗɗansa a fili suke: ka yi aƙalla shekara uku da gama digirin farko, ka yi shekara uku kana aikin da ya shafi ci gaba, ɗaya daga jami'o'in da aka lissafa ta ba ka gurbi, kuma in ka gama ka koma ƙasarka.

Shekarar 1987 ɗin nan ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Lokacin kuɗin yuraniyom ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasa katutu, Nijar ta shiga shirin tsuke bakin aljihu. A rahotanninsa na 1986 da 1988, Bankin Duniya ya shawarci ƙasashe irin tamu su rage abin da suke kashewa kan jami'a da alawus ɗin ɗalibai, su mai da kuɗin ga firamare. Hujjarsa ita ce dala ɗaya a firamare ta fi riba ga jama'a, kuma yawancin masu cin alawus ƴaƴan masu hali ne. A matsayina na malamin makaranta ba zan ce hujjar ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Na koyar a ajin zana, na ga yara 80 a ƙasa ba tebur. Amma abin da ya biyo baya kowa ya gan shi. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga kan gyaran da za a yi wa ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, gwamnati ta amsa cewa uku sun mutu. Wannan jinin na cikin abin da ya kai mu ga taron ƙasa na 1991. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ɗalibin da gwamnati ke biya wa karatu a Faransa ya zama nauyinsa ya ninka dare ɗaya. Aka shiga shekarun da jami'a ke rufewa, shekara ta wuce ba jarrabawa.

Ke nan hannun da ke cewa a rage wa dubbai alawus a Yamai, shi ne ke zaɓar ƴan tsiraru ya tura su manyan jami'o'in duniya. Ban ce makirci ba ne. Tunanin lokacin ke nan: ƙasa matalauciya ba ta bukatar jami'a mai ƙarfi, tana bukatar ƙwararru kaɗan a ma'aikatar kuɗi da ta tsare-tsare, waɗanda suka iya lissafin da masu ba da bashi ke ganewa. Bankin da kansa ya sauya magana a shekarar 2000, cikin wani rahoto da ya ɗauki nauyinsa tare da UNESCO, ya amince cewa sakaci da karatun jami'a kuskure ne. Daga 2014 ya fara zuba kuɗi a cibiyoyin ƙwarewa cikin jami'o'in Afirka. Shekarun da aka yi ana jiran wannan sauyi, a kan tsararmu suka faɗo.

Dole in yi adalci. Shirin na Japan ya karantar da dubban mutane daga ƙasashe sama da ɗari, kuma bai tsaya kan Turai da Amurka kaɗai ba. A ƙarshen shekarun 1990 an mai da wasu kwasa-kwasan tattalin arziki zuwa jami'o'in Abijan, Yawunde, Akara da Kampala. Sharaɗin komawa gida shi ma ina goyon bayansa. Inda nake da ja shi ne ƙofar shiga. An ce an biya komai, amma kafin ka kai ga komai ɗin sai ka biya fasfo, fassarar takardu, kuɗin neman gurbi a jami'a, da jarrabawar Ingilishi wadda kuɗinta ya fi albashin wata na malamin kwantiragi. Yawancin kwasa-kwasan da Ingilishi ake yin su, mu kuwa Faransanci muka sha. Ɗan Katsina da ɗan Maraɗi, tafiyar ƴan sa'o'i ce tsakaninsu, harshe ɗaya suke yi a gida, amma a gaban wannan fom ɗin ɗaya ya riga ɗaya da nisa. Ga kuma takardar shaida daga shugaban wurin aiki. Na san wanda ya haɗa dosiyensa tsaf, shugabansa ya riƙe takardar a aljihun tebur har wa'adi ya wuce, don kawai kada yaronsa ya dawo ya fi shi takarda.

Sannan wa ake kira mai aikin raya ƙasa? A takarda, malamin makaranta da malamin asibitin ƙauye da malamin gona duk suna ciki. A zahiri wanda ke zaune a ofishin wata ƙungiya a Yamai, mai intanet da kwamfuta da abokin aiki Bature da zai gyara masa wasiƙa, shi ke rigan kowa. Wanda ke bakin rijiya a Dakwaro sau da yawa bai ma ji sanarwar ba.

Wani abin da tarihin ya maimaita shi ne cewa mai ba da burs yana iya janyewa duk ranar da siyasa ta juya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza ga ɗaliban Nijar, Mali da Burkina Faso, har da waɗanda an riga an ba su gurbi. Daga baya ofishin jakadancinta a Yamai ya rufe. Yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka zauna da akwatinsu a ɗaure. Yau idanu sun koma ga Maroko, Aljeriya, Turkiyya, Sin da Rasha, da kuma Bankin Musulunci na raya ƙasa wanda ya daɗe yana da nasa shirin. Su ma kowa da abin da yake nema, kamar yadda Mosko da Washington suka nema a 1960.

Mukan kuma manta cewa mu ma muna karɓar baƙi. Makarantar EAMAC ta harkar jiragen sama da yanayi tana Yamai tun 1963. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, tana horar da ƴan ƙasashe maƙwabta kan ruwa da yanayi da noma, yawancinsu da kuɗin tallafi. Ga ma'aikaciyar gona irin ɗalibata, abin da za ta koya a can game da damina da fari ya fi kusa da gonakin da take zagayawa.

Da ta dawo jin amsa, na ce mata ta nema, ta nemi duka biyu, na waje da na gida. Na ce ta karɓi takardar shugabanta tun yanzu kafin ya san abin da ake ciki, kuma kafin ta tafi ta samu rubutacciyar yarjejeniya cewa kujerarta na nan. Ta yi dariya ta ce, "Mushe, Ingilishin fa?" Yanzu kowace Asabar da yamma tana zuwa wurin wani abokin aikina mai koyar da shi a lise, tana biyan sa jika biyar a wata.