Ƙaramin ƙari, babbar matsala: yadda manhajojin XML suka koyi haƙuri da sauyi

A watan Fabrairun 1998 ne ƙungiyar W3C ta amince da XML, wata hanya ta rubuta bayanai yadda kwamfutoci daban-daban za su fahimci juna. A 2001 ta ƙara da XML Schema, wato takardar ƙa'ida da ke fayyace abin da saƙo zai ƙunsa da yadda za a jera shi.

Tsintar bayanai ɗaya bayan ɗaya daga cikin saƙo aiki ne mai cin rai. Don haka aka ƙirƙiro kayan aikin da ke karanta takardar ƙa'idar, su gina wa manhaja sashen da zai karɓi saƙon. JAXB na kamfanin Sun, wanda ya fito a 2003 domin yaren Java, yana cikin fitattunsu.

To, amma ƙa'ida ba ta zama wuri ɗaya. A ce kamfanin jigila ya ƙara gurbin lambar waya a saƙonsa, kuma bai wajabta cike shi ba. Sabuwar ƙa'idar tana karɓar tsofaffin saƙonni, babu abin da ya lalace ta wannan ɓangaren. Matsalar tana can wajen abokin hulɗa da bai sabunta manhajarsa ba. JAXB na farko idan ya ci karo da gurbin da bai sani ba, sai ya ƙi saƙon gaba ɗaya. Ƙarin layi guda ya isa ya tsayar da oda.

Mafita biyu suka bayyana. XMLBeans, wanda kamfanin BEA ya miƙa wa gidauniyar Apache a 2003, yana riƙe da saƙon sukutum, har da abin da bai gane ba. Shi kuwa JAXB 2.0 na 2006, tsallake baƙon gurbin yake yi ya ci gaba da aiki. Wannan ya yi daidai da shawarar Jon Postel tun 1980: a tsaurara wajen aikawa, a sassauta wajen karɓa.

Sai dai tsallakewa ma da nata haɗarin. Idan manhajar ta karanta saƙo, ta gyara, ta tura gaba, lambar wayar nan ta ɓace shiru, ba wanda ya sani. Google ma ya taka wannan sawu: fasali na 3 na Protocol Buffers ya fara zubar da baƙin gurabe, sai a 2017 aka dawo da adana su.

Saboda haka kafin ka zaɓi irin wannan kayan aiki, gwada shi da saƙon da ke ɗauke da gurbin da bai sani ba. Ya ƙi shi? Ya tsallake? Ko ya adana? Idan manhajarka karatu kawai take yi, tsallakewa ta wadatar. Idan kuwa tana miƙa saƙo gaba, nemi wanda ke adanawa.