Sanƙarau, Kurumta da Tarihin Kunnen Lantarki

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a shekarar 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ne annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe sama da dubu 11. A ƙarshen 2016 kuma ta sake ɓullowa daga Zurmi. Akan ƙirga mamata, amma ba a cika maganar waɗanda suka tashi daga jinya da kurumta ba, alhali muna tare da su a Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Ciwon yakan lalata wasu 'yan gasusuwa da ke cikin wani kwaroro mai siffar katantanwa can cikin kunne, waɗanda ke mayar da sauti saƙo zuwa jijiyar ji. Sau da yawa jijiyar tana nan da ranta, shi ya sa masana suka yi tunanin aika mata saƙon da lantarki.

A 1957, André Djourno da Charles Eyriès suka dasa wa wani kurma waya a jijiyar ji a birnin Paris na Faransa. Ya ji ƙara, amma bai iya rarrabe magana sosai ba. Likita William House ya ɗora a Amurka a 1961. Sai Ingeborg da Erwin Hochmair a Ostiriya a 1977, da Graeme Clark a Ostareliya a 1978, suka fito da na'ura mai wayoyi da yawa, kowace da muryar da take ɗauka. Makirfo ne a bayan kunne ke kama sauti, ya miƙa shi ta cikin fata ga ɓangaren da aka dasa. A 1990 Amurka ta yarda a dasa wa yara daga shekara 2. Zuwa ƙarshen 2019 an dasa fiye da dubu 700 a duniya.

Sai dai kuɗinta miliyoyin naira ne, kuma aikin ba ya son jinkiri, domin bayan sanƙarau katantanwar kan cike da ƙashi cikin 'yan watanni, wayar ta rasa hanya. Saboda haka duk yaron da ya warke, a gaggauta gwada jinsa. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Rigakafi dai ya fi magani. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar cutar. Mu da muka yi karatu, haƙƙinmu ne mu wayar da kan iyaye su kai 'ya'yansu. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin.