Natalizumab

Natalizumab, wanda ake sayarwa da sunan Tysabri, magani ne da ake ba masu cutar multiple sclerosis. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke afka wa mayelin, wato rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, har mutum ya fuskanci raunin gaɓɓai, dushewar gani ko wahalar tafiya.

Yadda yake aiki

Kafin fararen ƙwayoyin jini su shiga ƙwaƙwalwa, sai sun maƙale a bangon hanyoyin jini. Wani furotin da ke jikinsu, alfa-4 integrin, shi ke kama furotin ɗin bangon mai suna VCAM-1. Natalizumab yana toshe integrin ɗin, sai ƙwayoyin su kasa ratsawa, kumburi ya ragu. Ana ba da miligiram 300 ta jijiya duk bayan mako huɗu.

Tarihi

Hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin a Nuwamba 2004. A gwajin AFFIRM, ya rage yawan tashin cutar da kashi 68 cikin ɗari. A Fabrairu 2005, kamfanonin Biogen Idec da Elan suka janye shi daga kasuwa bayan wasu majinyata sun kamu da PML. An dawo da shi a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa.

Haɗari

PML cutar ƙwaƙwalwa ce mai iya kisa, wadda ƙwayar cutar JC ke haddasawa. Haɗarin ya fi yawa ga masu ɗauke da ƙwayar da kuma waɗanda suka haura shekara biyu kan maganin. Shi ya sa likitoci ke gwada jinin majinyaci a kai a kai.